George Stokes, Malamin Da Ya Gano Asirin Hasken Kwinin

An haifi George Gabriel Stokes ran 13 ga Agusta, 1819, a Skreen, wani ƙauye na ƙasar Ailan. Ubansa limamin coci ne. Ya shiga Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1837, a 1841 ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi. A 1849 aka ba shi kujerar babban malamin lissafi, wadda Isaac Newton ya taɓa riƙewa. Albashinta kuwa kaɗan ne, har sai da ya riƙa zuwa London yana koyarwa a makarantar haƙar ma'adinai don ya cike giɓi.

Tun 1845 wani masani, John Herschel, ya lura ruwan kwinin, maganin nan na zazzaɓin cizon sauro, ya kan yi shuɗi-shuɗi a rana, alhali ba shi da launi. Stokes ya ƙi barin maganar haka nan. Sai ya rufe ɗaki, ya bar 'yar kafa a taga, ya sa gilashi mai kusurwa uku ya rarraba hasken rana launi-launi kamar bakan gizo. Sa'an nan ya bi launukan da kwalbar kwinin. Ruwan bai sāke ba sai da ya kusa ƙarshen launukan. Da ya kai shi gaba da su, wurin da ido ke ganin duhu, sai ga shi yana walƙiya shuɗi. Watau akwai hasken da ido ba ya gani, kwinin ya sha shi, ya mayar da wani mai ƙarancin ƙarfi wanda a ke gani. Ya buga wannan bayani a 1852, har yau kuwa da sunansa a ke kiran ka'idar.

To, ina amfaninta gare mu? Ku dubi kwanon rufin gidajen Rikkos: tutiya aka shafa masa don kada ya yi tsatsa. Irin wannan ƙarfe akwai shi a jikin kowane babban mutum, kamar giram 2 zuwa 3. Shi ne zink ɗin da a ke ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Amma ba shi da launi cikin jiki, sabo da haka ganin inda ya ke cikin ƙwayar halitta ya yi wuya ƙwarai. Dabarar masana ita ce haɗa sinadarin da ba ya walƙiya sosai sai ya kama tutiya. A zuba shi kan ƙwayoyin, a haska su, a duba ta madubi mai ƙara girman abu. Inda ya yi haske, nan tutiya ta ke. Wani daga na farkonsu, TSQ, wanda aka yi aiki da shi kan ƙwaƙwalwa a 1987, dangin kwinin ne wajen gini. Da ire-irensa aka ga yadda tutiya ke fita tare da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini.

Stokes ya yi shekara 31 yana sakataren Royal Society, babbar ƙungiyar masanan Ingila, yana gyara rubuce-rubucen waɗansu, kana ya shugabance ta daga 1885 zuwa 1890. Ya rasu a Kambirij ran 1 ga Fabrairu, 1903.

'Yan'uwa masu koyon aikin malanta, kayan aikinsa fa taga ce da gilashi da kwalba. Kada rashin ɗakin gwaji ya hana mu nuna wa yara abu da idonsu.