Paul Rudolph, mai lissafin idon na'urar hoto

Kafin zuwan kwamfuta, duk hoto ko taswirar da za ta fita a jarida sai ta bi ta wata ƙatuwar na'urar ɗaukar hoto a gidan ɗab'i. Idon na'urar, wato gilasan da aka jera cikin bututun ƙarfe, shi ke yanke hukunci: in ya lanƙwasa layi, taswira ta yi ƙarya. Cikin waɗanda suka gyara wannan ido har da Paul Rudolph.

An haife shi a 1858 a Kahla, ƙasar Jamus. Lissafi ya karanta, a 1886 kuma ya kama aiki a masana'antar Zeiss ta birnin Jena, ƙarƙashin Ernst Abbe. A zamanin, tsakiyar hoto kan fito sarai, gefuna su yi dishi-dishi. Da sabon gilashin Otto Schott, Rudolph ya kawar da wannan aibi a 1890.

A 1896 ya fito da Planar: gilasai 6, rabin gaba da rabin baya kamar tagwaye. Irin wannan ƙira masu ɗab'i ke so, don in ana kwafar takarda daidai girmanta, karkatar rabi ɗaya sai ɗaya rabin ya shafe ta. Amma Planar yana da fuska 8 masu taɓa iska, kowace na mai da haske baya, hoto ya yi hazo. Tessar na 1902, gilasai 4 kawai, ya fi shi araha da tsabtar hoto, shi ya yi suna. A ganina ba shi ne gwanintarsa mafi girma ba.

Ya ajiye aiki, amma faɗuwar darajar kuɗi bayan yaƙin duniya na farko ta cinye ajiyarsa. A 1920, yana da shekara sama da 60, ya koma aiki wajen Hugo Meyer a Görlitz da ƙirar Plasmat, ita ma tagwaye ce, mai ɗaukar fili mai faɗi fiye da Artar na kamfanin Goerz.

Ya rasu a Nuremberg a 1935. A shekarar nan Alexander Smakula na Zeiss ya gano shafin da ke hana gilashi mai da haske baya. Hazo ya kau, Planar ya farfaɗo, Plasmat kuwa ya zama tushen yawancin idanun manyan na'urori, irin su Symmar na kamfanin Schneider. Rudolph bai ga ko ɗaya ba.