Matiyu Web, gwanin iyo

An haifi Matiyu Web a Ingila a shekarar 1848. Yana ɗan shekara 12 ya shiga aikin jirgin ruwa.

Tsakanin Ingila da Faransa akwai wani mashigin teku mai faɗin kilomita 34, kusan tafiyar Damagaram zuwa Mirya sau biyu. Web ya yi niyyar ƙetare shi da iyo. Ya daɗe yana horar da jikinsa. A gwajin farko, iska ta hana shi.

Ran 24 ga Agusta 1875, ya shafe jikinsa da mai saboda sanyi, ya faɗa ruwa. Bai yi gaggawa ba. Ya riƙa jan ruwa sannu sannu kamar kwaɗo, don kada ƙarfinsa ya ƙare a tsakiya. Bayan awa 21 da minti 45, ya taka ƙasar Faransa. Shi ne na farko da ya ƙetare da hannu da ƙafa kaɗai.

A 1883 ya shiga kogin Niyagara, a iyakar Amurka da Kanada, inda ruwa yake juyawa da ƙarfi. Nan ruwa ya ci shi.

Yara, kafin ku shiga tabki ku motsa jiki. Ku fara sannu. Kada ku shiga ruwan da ya fi ƙarfinku.