Marigayi Dakta Mamman Shata: Mawaƙin da Waƙarsa Ba Ta Tsufa Ba

Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada ta tsofaffin mawaƙa. Idan shekaru sun ja, sai su sake haɗuwa su shiga zagayen birane suna rera waƙoƙin ƙuruciyarsu, dattawa kuma su biya kuɗi don su tuna baya. Ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila, wadda aka kafa a 1962, ta zagaya Amurka a 2024, jagoranta yana da shekara 80. Ita kuwa ƙungiyar ABBA, a 2022 surorin 'ya'yanta na kwamfuta aka ɗora a dandamali a Landan cikin kamanninsu na samartaka. Wannan ya sa na tambayi kaina: mu fa, ina namu tsohon mawaƙin, kuma yaya ya yi da tsufansa? Amsar da na samu ita ce Alhaji Mamman Shata Katsina.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya. Bai gaji waƙa ba, hasali ma mahaifinsa bai so ya yi ta ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar ta a matsayin roƙo. Da tallan goro ya fara neman na kansa, daga baya ya koma tallan alewa, yana kuma zuwa dandali inda samari da 'yan mata ke wasa da dare. A nan muryarsa ta fara fita. Daga Musawa ya koma Bakori, sannan Funtuwa, garin da ya zame masa gida na tsawon shekaru masu yawa.

Shahararsa

Tauraronsa ya haska sosai a 1952, a bikin 'yan sarki da aka yi a Kano. Tun daga nan ya riƙa yawo da makaɗan kalangu da 'yan amshinsa lungu-lungu na ƙasar Hausa da wajenta. A rabe-raben da muke koyo a aji, Shata makaɗin jama'a ne, ba na fada ba, wato bai ɗaure kansa ga ubangida ɗaya ba. Ya waƙe sarakuna da attajirai, ya waƙe direbobi da manoma da mata. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ya kuma yi waƙoƙin da suka jawo masa suka daga malamai, musamman wadda ta shafi mashaya, kuma zambonsa abin tsoro ne ga duk wanda ya taka shi.

Masana ma ba su bar shi ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ya taɓa siyasa, har ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, ko da yake bai kammala wa'adinsa ba aka tsige shi.

Tsufansa a Fagen Waƙa

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya. A shekaru goma na ƙarshen rayuwarsa kunnen matasa ya fara karkata ga kiɗan fiyano da waƙoƙin finafinan Hausa. Shata bai bi yayi ba, kalangunsa ya riƙe. Masu gayyatarsa kuwa da yawansu dattawa ne da suka taso da muryarsa a garmaho da rediyo, kuma tsofaffin waƙoƙin suke nema, daidai da 'yan kallon Turai. Sai dai akwai bambanci babba. Mawaƙin Turai yakan maimaita waƙarsa kamar yadda take a faifai, don abin da aka biya a ji ke nan. Shata kuwa ba ya rubuta waƙa, a fage yake shirya ta. Amshi da kiɗa ne kawai ke tsaye. Ɗiyan waƙar suna sauyawa gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ke faruwa a ranar. Saboda haka ko tsohuwar waƙa ya ɗauko, sabuwa ce ake ji.

Na tabbatar da haka da kaina. Ni Babarbare ne, a nan Maiduguri aka haife ni, kuma Hausar da na tashi da ita ta kasuwa ce, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba. Mahaifina yana da tarin kaset-kaset na Shata da ya saya a Kasuwar Monday tun yana saurayi, kuma daga bakin Shata na fara lura da inda ake sa "ya" da inda ake sa "ta", da yadda Bakatsine ke cewa "mashi" a inda littafi ya ce "masa". Da aka ba mu aikin rubuta waƙar baka a aji biyu, sai na zaɓi Bakandamiya, waƙar da yake yi wa kansa kirari. Na ɗauki kaset biyu ina tsammanin abu ɗaya ne. Ashe kowanne da tsawonsa, kowanne da mutanen da ya ambata. Da na kai wa mahaifina kuka, sai ya yi dariya ya ce ai Shata ba ya taka sawunsa na jiya. Abin baƙin ciki, kaset na uku da ya fi so ya riga ya lalace saboda zafi da ƙura, kuma abin da ke cikinsa ban same shi a intanet ba.

Rasuwarsa

Bayan doguwar jinya, Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. An binne shi a Daura, garin masoyinsa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Kammalawa

'Yan uwana ɗalibai, Turawa na iya dawo da mawaƙansu da na'ura, domin waƙarsu ɗaya ce a kullum. Namu ba haka yake ba: kowane zama da Shata ya yi, waƙa ce daban, kuma duk kaset ɗin da ya lalace, wani yanki na adabinmu ne ya tafi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ina kira gare mu da mu binciki akwatunan iyayenmu, mu juye abin da muka samu a kwamfuta, mu rubuta shi, mu kuma tambayi dattawa inda aka yi waƙar da wanda aka yi wa, tun suna raye. Allah ya jiƙan Dakta Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.