Samuel Okwaraji: Ɗan Wasan da Ya Faɗi a Bakin Aikin Ƙasa

Samuel Sochukwuma Okwaraji bai cika shekara biyu yana sanye da rigar Nijeriya ba, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba, amma sunansa na cikin waɗanda ba su gushe a bakin masu sha'awar ƙwallon ƙafa a ƙasar nan ba. Dalilin haka ya wuce yadda ya rasu a gaban dubban 'yan kallo. Mutum ne da Allah Ya buɗe wa ƙofofi da dama a Turai, ta fuskar karatu da ta wasa, sai ya ɗauki kiran ƙasarsa a matsayin wajibi.

An haife shi ranar 19 ga Mayu, 1964, ɗan asalin Orlu a Jihar Imo ta yanzu. Tun yana matashi ya tafi Italiya neman ilimi, inda ya karanci shari'a a birnin Rum har ya zurfafa a fannin dokokin ƙasa da ƙasa. A can ne kuma ya shiga rukunin matasan ƙungiyar AS Roma a tsakiyar shekarun 1980. Haɗa littafi da filin atisaye abu ne mai wuya a kowane zamani, balle ga baƙon da ke fama da sabon harshe da sanyin ƙasar da ba tasa ba.

Daga Rum ya koma Dinamo Zagreb a tsohuwar Yugoslabiya, sannan Austria Klagenfurt a Ostiriya. A 1987 ƙungiyar VfB Stuttgart ta Jamus ta Yamma ta ɗauke shi, ta ba da aronsa ga SSV Ulm da ke rukuni na biyu, inda ya samu damar buga wasa a kai a kai. Zangonsa na ƙarshe shi ne Berchem Sport a Beljiyam. Ƙasashe biyar ke nan cikin 'yan shekaru, a lokacin da 'yan Afirka ba su yawaita a filayen Turai ba. Wannan yawo ya gina masa salon wasa na musamman: riƙe ƙwallo cikin natsuwa, hangen abokin wasa tun kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa, da harbi mai ƙarfi daga nesa.

A farkon 1988 ya fara buga wa Nijeriya, a wasan neman gurbin Olamfik da aka yi da Aljeriya a Inugu. Yawancin 'yan kallo ba su san shi ba sai a ranar, domin bai taso a manyan ƙungiyoyin gida irin su Enugu Rangers ko Shooting Stars ba. Gashinsa mai tukkaye da yadda yake sarrafa tsakiyar fili suka sa aka shaida shi nan take. Mai horarwa Manfred Höner, Bajamushe, ya saka shi cikin tawagar Gasar Cin Kofin Afirka da aka yi a Maroko cikin Maris na wannan shekara.

A can ne ya yi abin da aka fi tunawa da shi a fagen wasa. A karawar rukuni da Kamaru, minti biyu kacal da farawa, ya narka ƙwallo a raga. Roger Milla ya farke, aka tashi 1-1. Nijeriya ta fitar da Aljeriya a wasan kusa da na ƙarshe ta bugun fenariti, ta sake gamuwa da Kamaru a Kasabalanka. Alƙalin wasa ya soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka, Emmanuel Kundé kuma ya ci wa Kamaru fenariti, Nijeriya ta dawo da azurfa. Bayan watanni shida ya je gasar Olamfik a Seoul, inda tawagar ta sha kashi a hannun Birazil da Yugoslabiya da Ostireliya.

Abin da aka fi yaba masa shi ne halinsa. Labarin da ya shahara a kansa shi ne yakan biya kuɗin jirgi daga aljihunsa ya zo amsa gayyata, ba ya jiran a turo tikiti, kuma ba ya bari ƙungiyarsa ta Turai ta mai da zuwansa abin ciniki. Wannan ya faru ne a zamanin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da darajar naira ke zubewa, ƙwararru kuma ke neman hanyar ficewa.

Ranar Asabar, 12 ga Agusta, 1989, Nijeriya ta karɓi baƙuncin Angola a Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas, a wasan neman gurbin Kofin Duniya na 1990. Filin ya cika fiye da ƙima, ga tsananin zafi, har wasu 'yan kallo suka rasa rayukansu saboda cunkoso. A minti na 77 Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ba tare da wani ya taɓa shi ba, bai kuma sake tashi ba. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ta kumbura, yana kuma da hawan jini. Shekarunsa 25. Nijeriya ta ci wasan 1-0 da ƙwallon Stephen Keshi, amma murna ta koma makoki.

Bayan mako biyu abokan wasansa suka tafi Yawunde da nauyin rashinsa a zuciya. Canjaras kawai suke bukata su haye zagayen ƙarshe, sai François Omam-Biyik ya ci su ɗaya mai ban haushi. Kamaru ce ta je Italiya, ƙasar da Okwaraji ya yi karatu, har ta kai zagayen ƙasashe takwas. Nijeriya sai a 1994 ta fara halartar gasar.

Mutuwa tana da ajali, amma rigakafi ya fi magani. Hawan jini da kumburin zuciya cututtuka ne da gwaji kan iya bayyanawa kafin su yi kisa. Duniyar ƙwallo ba ta farga sosai ba sai da Marc-Vivien Foé na Kamaru, shi ma ɗan wasan tsakiya, ya faɗi a filin Lyon a 2003. Daga baya aka tsananta gwajin zuciya kafin manyan gasanni, aka kuma tanadi na'urar farfaɗo da zuciya a gefen fili. Tambayar da ke gaban masu riƙe da harkar wasanni a Abuja ita ce ko wannan kulawa tana isa ga matasan da ke wasa a ƙananan rukunoni da gasannin makarantu.

An kafa mutum-mutuminsa a filin Surulere, an sa wa filin wasa na Orlu sunansa, kamfanin Google ma ya karrama shi a 2019, ranar da zai cika shekara 55. Sai dai filin da ya faɗi a cikinsa ya shafe shekaru a yashe bayan buɗe na Abuja a 2003. Okwaraji ya sauke nasa nauyin har numfashin ƙarshe. Abin da ya rage a wuyan hukuma shi ne ta kula da lafiyar masu yi mata hidima tun suna raye, ta kuma riƙe iyalansu in sun kwanta dama.