Magajiya Daurama: Sarauniyar da aurenta ya sauya tsarin sarauta a ƙasar Hausa

Da wuya a sami wanda ya yi makarantar firamare a Arewacin Najeriya bai ji labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu ba. Sai dai a mafi yawan lokuta baƙon ne ke cinye labarin, ita kuwa matar da ya tarar a kan karagar mulki akan ambace ta a gurguje, tamkar tukuicin da aka miƙa wa jarumi bayan ya gama aiki. Alhali idan aka bi tarihin yadda masarautar Daura ta adana shi, Magajiya Daurama ita ce mai gari, ita ce ta yanke kowace shawara da ta biyo bayan kashe macijiyar, kuma daga tsatsonta ne gidaje shida cikin bakwai na sarautar Hausa suka samo asalinsu.

Tarihinta ya iso gare mu ta bakin maroƙan fada da dattawa, da kuma Girgam, wato kundin jerin sarakunan Daura. Saboda haka abin da za a karanta a nan riwaya ce ta gargajiya, tare da abin da masana tarihi suka yi sharhi a kanta.

Asalinta

Riwayar Daura ta danganta gidan sarautar da wani mutum mai suna Najibu daga ƙasar Kan'ana. Ɗansa Abduldari ya yi ƙaura zuwa Tarabulus ta ƙasar Libiya ta yau, daga can kuma jama'arsa suka ratso hamada suka yada zango a wurin da yanzu ake kira Tsohon Birni, 'yan kilomitoci kaɗan daga garin Daura. A wannan wuri ne mulkin mata ya kafu. Ta farko a jerin ita ce Kufuru, sai Gino, Yakumo, Yakunya, Walzamu, Yanbamu, Gizirgizir da Innagari. Daurama ce ta tara.

Laƙabin waɗannan sarauniyoyi shi ne Magajiya, wasu riwayoyin kuma su ce Kabara. Girgam ya lissafa mata 17 gaba ɗaya, kuma a wasu jerin sunayen akan nuna cewa ta ƙarshensu, Shawata, ita ce ta yi zamani da Bayajidda. Amma sunan Daurama ne ya zauna a bakin jama'a, har ya zama kamar laƙabin kowace sarauniyar garin.

Babban aikin da ake jingina mata kafin zuwan baƙon shi ne mayar da hedikwatar mulki daga Tsohon Birni zuwa mazaunin Daura na yanzu, kuma ana cewa daga sunanta garin ya sami nasa. Tayar da gari sukutum a kafa wani aiki ne da sai shugaban da jama'a suka miƙa wa wuya yake iya yi, musamman a yankin da ke bakin hamada, inda samun ruwa shi ne sharaɗin farko na zama.

Matsalar ruwa da baƙo daga gabas

Ruwan kuwa shi ne ya zama babbar jarrabawar mulkinta. Rijiyar da garin ya dogara da ita, wato Kusugu, tana da wata ƙatuwar macijiya da ake kira Sarki, wadda ba ta barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Haka mutanen gari suka saba, su tara ruwan mako guda a randuna su yi ta tattalinsa.

Ana cikin wannan hali ne wani matafiyi ya iso da dare. Riwaya ta ce sunansa Abu Yazidu, ɗan Abdullahi sarkin Bagadaza. Ya bar gida da rundunarsa ya sauka a Borno, inda sarkin ƙasar ya aurar masa da 'yarsa Magira. Sannu a hankali surukin nasa ya raba shi da dakarunsa, da ya fahimci ana shirin halaka shi sai ya gudu da matarsa suka nufo yamma. A Garun Gabas, kusa da Haɗeja, ya bar ta da juna biyu, a can ta haifi ɗa mai suna Biram. Shi kuwa ya wuce Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙa, sannan ya miƙe arewa har Daura.

Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa ta shaida masa dokar rijiyar, amma ya karɓi guga ya tafi. Macijiyar na fito da kai ya sare shi, ya sha ruwa, ya shayar da dabbarsa, ya ɗebo wa tsohuwa, ya jefa kan a jaka ya koma masauki. A garin sauri ya bar takalminsa ɗaya a bakin rijiyar.

Alkawari da aure

Daga nan ne halin Daurama na mulki ya fito fili. Da gari ya waye labari ya iso fada, ba ta yi gaggawar gaskatawa ba. Ta tura manyan bayinta su gano mata, kuma al'adar Daura tana danganta asalin sarautun Galadima da Kaura da wannan aike, inda aka ce Kaura ne ya yi ƙarfin halin matsawa ya tabbatar macijiyar ta mutu. Sai ta sa aka yi shela cewa duk wanda ya yi wannan aiki za ta ba shi rabin gari.

Masu son banza suka yi ta zuwa da kawunan macizai, ana gwadawa da gangar jikin ba sa dacewa. Sai da tsohuwa Ayana ta tuna da baƙonta aka kira shi, ya fito da kan, takalmin da aka tsinta kuma ya yi masa daidai. Daurama ta tsaya a kan maganarta, ta yi masa tayin rabin garin. Shi kuma ya ce ya fi son a ɗaura musu aure.

Wannan buƙata ta fi ta farko nauyi. A bisa al'adar gidan, Magajiya ba ta zaman aure, domin sarautarta tana haɗe da wasu sharuɗɗa na addinin gargajiya. Idan ta ƙi, ta saɓa wa mutumin da ya fitar da jama'arta daga ƙishirwa. Idan ta raba gari biyu, ta kafa wa kanta kishiya a mulki a cikin ganuwa ɗaya. Ta zaɓi auren, ƙasa ta zauna a dunƙule, baƙon ya tare a fadarta. Ana cewa saboda rashin jin harshen gari ne aka riƙa kiransa Bayajidda, wato wanda ba ya jin magana a da, kamar yadda ake cewa laƙabinsa na Makas-Sarki ne aka gajarta ya koma kalmar sarki da ake kiran masu mulki da ita.

Auren siyasa tsakanin gidajen sarauta abu ne sananne a duniya, amma bisa ga al'ada mace ce ke barin ƙasarta ta bi miji. Misali, Gimbiya Alexandra, 'yar Sarkin Danmak Christian na 9, ta bar gidan ubanta a 1863 ta auri yariman Ingila, ta zama matar sarki a 1901 lokacin da mijinta Edward na 7 ya hau gado, kuma a zamaninsa ne Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ita darajarta ta biyo ta mijinta ne. A Daura kuwa ɗan sarkin ne ya baro ƙasarsa ba runduna ba dukiya, matar ce ke da ƙasa da jama'a da fada.

Takaddamar gado

Da yake sharuɗɗan sarauta sun hana ta kusantar miji, Daurama ta ba shi wata baiwa mai suna Bagwariya ta zama ƙwarƙwararsa. Wasu riwayoyin sun ce an ba shi ita ne don ta koya masa harshe. Bagwariya ta haifi ɗa namiji, kuma da izinin uban ta sa masa suna Karɓagari. Ma'anar sunan ba ta ɓuya ga kowa ba: ɗan baƙo da baiwa na shirin gaje garin.

Daurama ta fahimci saƙon. Idan ta ci gaba da riƙe tsohuwar al'ada, sarauta za ta fice daga jinin Kufuru gaba ɗaya. Saboda haka ta warware sharuɗɗan da suka ɗaure ta, ta zauna da mijinta, Allah Ya ba ta ɗa namiji. Ta raɗa masa suna Bawo, wanda ake fassarawa da neman a dawo da gari ga masu shi. Da sunan jariri aka yi mata barazana, da sunan jariri ta mayar da martani, ba tare da an zare takobi ba.

Bayan rasuwar Bayajidda, Bawo ne ya gaji sarauta. Da hawansa mulkin mata ya zo ƙarshe a Daura, aka shiga jerin sarakuna maza da ke gudana har yau. Wannan shi ne abin da Daurama ta sadaukar: ta rufe ƙofar da ita kanta ta shigo ta cikinta, domin sarautar ta tsaya a gidansu.

Jikokinta da Hausa Bakwai

Bawo ya haifi 'ya'ya shida. Gazaura ya zauna a Daura, Bagauda ya tafi Kano, Kumayo Katsina, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamnakogi kuma Rano. Idan aka haɗa da Biram, ɗan Magira, su ne Hausa Bakwai. Al'ada ta raba musu ayyuka: Kano da Rano sarakunan baba, saboda rini da saƙa, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi mai tsare iyakar arewa, Zazzau kuma sarkin bayi.

Zuriyar Karɓagari ita ake danganta wa Kabi, Zamfara, Yawuri, Gwari, Nufe, Kwararrafa da ƙasar Yarbawa, waɗanda aka yi wa laƙabin Banza Bakwai. Laƙabi ne na fifita kai irin na fada, kuma waɗannan ƙasashe kowace tana da nata tarihin asali mai zaman kansa. Abin lura shi ne uba ɗaya ne ya haifi Bawo da Karɓagari, don haka abin da ya bambanta su a wannan lissafi shi ne uwa. Da Daurama ake auna cikar asali.

Sharhin masana

Jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi a 1908, ya ƙiyasta hawan Bagauda a shekarar 999. Bisa wannan lissafi, zamanin kakarsa zai faɗa cikin ƙarni na 10. A 1966 W. K. R. Hallam ya danganta Bayajidda da Abu Yazid, jagoran tawayen da ya girgiza daular Faɗimiyyawa a Arewacin Afirka, wanda aka kashe a 947, yana ganin mabiyansa ne suka tsero kudu. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya ɗauki wata hanya dabam a 1970, inda ya nuna cewa daulolin Hausa sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka zuwa garuruwa zuwa birane, kuma labarin ya fi kama da bayanin dangantakar siyasa da aka tsara daga baya. Shi kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ambaci Bawo a matsayin bawan sarkin Borno.

Duk da wannan saɓani game da baƙon, ɓangaren da ya shafi ikon mata yana da shaidu a zahiri. Gobir tana da sarautar Inna, Katsina da Maraɗi suna da Iya, Borno tana da Magira, Zazzau kuma ta yi Sarauniya Amina. A Daura kanta, M. G. Smith, a littafinsa kan al'amuran masarautar da ya fito a 1978, ya nuna cewa kafin jihadi Magajiya tana cikin manya mafi ƙarfi a fada, mai ikon tsawata wa sarki da kansa.

Abin da ya rage

Gidan da Daurama ta tsare ya gamu da nasa jarrabawowin. A 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa suka kafa mazauni a Zango da Ɓaure. A shekarun farko na mulkin Turawa aka dawo da Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura, abin da ya sa masarautar ta zama ɗaya daga cikin ƙalilan da tsohon gidan sarautar Hausa ya koma kan gadonsa. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Alhaji Faruk Umar Faruk ya gaje shi.

Rijiyar Kusugu tana nan a cikin gari, an gina mata ɗaki, baƙi da ɗalibai suna zuwa daga nesa su gan ta su sha ruwanta. A fada ana adana makamin da ake dangantawa da Bayajidda, a lokacin Sallar Gani kuma akan sake tuna labarin. Sarautar Magajiya ma ba ta ɓace ba, har yanzu ana naɗa ta a cikin matan gidan sarauta. Ikonta ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da na da, amma kujerar tana tuna wa masarautar da ake wa kirari da tushen Hausa cewa kafin sarki na farko ya hau, mata ne suka riƙe ƙasar, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta zaɓi yadda mulkin zai koma hannun maza.