Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, hadimin da ya adana tarihin ubangidansa

Sunansa na yanka Usman, amma tarihi ya fi saninsa da Giɗaɗo ɗan Laima. An haife shi a wajajen 1776, ya tashi cikin jama'ar Shehu Usman ɗan Fodiyo, inda ya shaƙu da Muhammadu Bello, ya kuma auri 'yar Shehu, Nana Asma'u.

Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama Wazirinsa. Aikin ba na zaman fada kaɗai ba ne. Ta hannun Waziri wasiƙu da umarni ke fita zuwa manyan masarautun gabas kamar Kano da Zazzau. A ƙarƙashin Zazzau ɗin nan masarautar Jama'a take, wadda fadarta ke Kafanchan a yau. Shi ne kuma ya karɓi baƙuncin Hugh Clapperton, jakadan Ingila da ya iso Sakkwato a 1824.

Bayan rasuwar Bello a 1837, Giɗaɗo ya mayar da hankalinsa ga alƙalami. Ya rubuta Al-Kashf wal-Bayan a kan rayuwa da halayen Bello, kamar yadda ya rubuta Raudul Jinan a kan karamomin Shehu. Ya yi hakan ne a lokacin da waɗanda suka ga jihadi da idonsu ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, alhali masu tasowa ba su san wahalar da aka sha kafin kafa daular ba.

Matsayinsa ya yi kama da na Asser, limamin Kirista daga yankin Wels wanda ya rubuta tarihin Sarki Alfred na Ingila a 893. Dukansu sun zauna kusa da sarakunansu har suka ga abin da na nesa ba ya gani, dukansu kuma ƙauna ta rinjayi alƙalaminsu. Shi ya sa masana ke dogara da Giɗaɗo, amma suna auna maganarsa da ta wasu.

Ya bar wazirci ga ɗansa Abdulƙadir, ya rasu a wajajen 1851. Sarautar ta zauna a zuriyarsa, wadda ta fitar da Waziri Junaidu, masanin tarihin da ya rasu a 1997, kuma unguwar Giɗaɗawa a Sakkwato tana ɗauke da sunansa har yau.