Louis Armstrong: Mabushin da Aka Yarda da Ƙahonsa, Aka Saɓa a kan Dariyarsa

A watan Oktoba na 1960, makonni kaɗan bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, wani mabushi baƙar fata ɗan Amurka ya zagaya ƙasar har ya iso Arewa. Akwai hoton da aka ɗauke shi a Kaduna yana raha da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. Sunansa Louis Armstrong, kuma a lokacin babu wani makaɗin jaz da duniya ta sani kamarsa. Kamfanin Pepsi-Cola ne ya ɗauki nauyin farkon tafiyar a Gana da Nijeriya, sannan ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta karɓa, ta kai shi Kwango da wasu ƙasashen Afirka. A gida kuwa ya baro mutane suna jayayya a kansa, jayayyar da ta bi shi har kabari.

An haife shi a birnin Niyu Olins ranar 4 ga Agusta, 1901, ko da yake shi kansa ya rayu yana ɗaukar 4 ga Yuli, 1900 a matsayin ranar haihuwarsa. Sai bayan rasuwarsa aka gano takardar coci da ta daidaita lissafin. Ya tashi cikin talauci, uban ya bar gida tun yana jariri. A daren shiga shekarar 1913 ya harba bindiga sama don murna, aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙen fata. A can ne wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa bisa ƙa'ida. Bayan ya fito ya yi tallan gawayi, ya yi busa a jiragen ruwan kogin Misisipi, har a 1922 maigidansa Joe Oliver ya kira shi Shikago. Laƙabinsa Satchmo guntun wata magana ce ta Ingilishi mai nufin baki mai faɗi kamar jaka.

Fayafayan da ya ɗauka daga 1925 zuwa 1928 su suka sauya jaz. Kafin shi, mabusa kan yi busa ne a dunƙule, kowa na saƙa nasa cikin na ɗan'uwansa. Shi ya fito da mabushi ɗaya fili, ya tsaya shi kaɗai yana ƙaga sabon kari nan take a kan tsohuwar waƙa. A kan wannan babu gardama ko tsakanin masu sukarsa.

Akwai wani abu a nan da ya shafi mai nazarin harshe. Wanda ya tashi a Madawa ko Buza ko Keita, ya taɓa jin algaita ko kakaki a ƙofar sarki ranar salla, ya san cewa abin busa yana magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, don haka idan mabushi ya bi hawa da saukar murya da tsawon gaɓoɓin wani take, wanda ya san taken zai ji kalmomin ko da ba a furta baƙi ko wasali ɗaya ba. Armstrong ya bi hanyar ne ta baya. Ingilishi ba ya bambanta ma'anar kalma da karin sauti irin na Hausa, saboda haka ƙahonsa ba kalmomi yake faɗa ba. Muryarsa ce ta koma tana kwaikwayon ƙaho. A wani faifai na 1926 ya ajiye kalmomin waƙa, ya riƙa jera gaɓoɓi marasa ma'ana waɗanda ya zaɓa saboda amonsu kawai: baƙi mai tsayawa inda ƙaho zai sara, dogon wasali inda zai ja. Ba shi ya fara wannan salo ba, amma daga bakinsa ya bazu a duniya.

Saɓani ya taso ne daga abin da yake yi da fuskarsa da kuma waɗanda yake hawa dandali da su. Mutum ne mai yawan dariya a gaban jama'a, yana zare ido, yana share zufa da farin hankici, yana barkwanci tsakanin waƙa da waƙa. Mabusan da suka taso a shekarun 1940, irin su Dizzy Gillespie da Miles Davis, sun ga wannan a matsayin ragowar zamanin da baƙar fata ke zama abin dariya don ya faranta wa farar fata. Davis ya girmama busarsa matuƙa, amma murmushin ne ba ya so. Abin ya ƙara tsami a 1949, lokacin da Armstrong ya karɓi sarautar wasa ta ƙungiyar Zulu a bikin shekara na garinsu, ya fito da fuska shafe da baƙin fenti kamar yadda al'adar ƙungiyar ta tanada. A wurinsa burin ƙuruciya ne ya cika. A idon baƙaƙen fata da yawa na wasu garuruwa kuwa abin kunya ne.

Bahaushe ba zai rasa gane wannan matsayi ba, domin ya san maroƙi: ana son muryarsa, ana raina sana'arsa, ana kuma mantawa cewa bakin da ke yabo shi ke zambo. A Satumba 1957, da gwamnan jihar Akansas, Orval Faubus, ya sa sojojin jiha suka hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, Armstrong ya shaida wa wani matashin ɗan jarida cewa Shugaba Eisenhower mai fuska biyu ne kuma ba shi da zuciya, ya kuma fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da gwamnati ke shirin tura shi. Kalmar da ya jefi gwamnan da ita ba ta buguwa a jarida, sai da aka nemo mai sauƙi aka musanya. Kaɗan ne daga manyan makaɗan lokacin suka fito suka mara masa baya. Gillespie ya amsa daga baya, a littafin tarihin rayuwarsa, cewa ya yi wa dattijon gurguwar fahimta.

Batun abokan wasa ya fi wannan sarƙaƙiya. Ƙungiyar da ya kafa a 1947 ta haɗa baƙi da fari, ciki har da Jack Teagarden, kuma da jihar Luwiziyana ta kafa dokar hana irin wannan cuɗanya a 1956, ya ƙaurace wa yin wasa a garin haihuwarsa har 1965. Fayafayan da ya yi da Ella Fitzgerald a 1956 da 1957 sun sami yabo. Wadda ta sha suka ita ce Velma Middleton, zabiyar da ta shiga ƙungiyarsa a 1942. Mace ce mai jiki, tana waƙar ban dariya da shi, tana rawa har ta baje ƙafafu ta faɗi ƙasa, jama'a na shewa. Marubuta kan jaz sun yi ta cewa tana zubar da darajar kiɗan, a sallame ta. Armstrong ya ƙi, shekara goma sha tara. Masu sukar sun yi gaskiya cewa muryarta ba ta kai ta Fitzgerald ba, amma sun kasa ganin aikin da take yi: leɓen mabushi nama ne, nasa kuwa ya sha tsagewa tun shekarun 1930, kuma duk mintin da ta riƙe jama'a hutu ne a gare shi. Ban da haka, shi bai taɓa raba kiɗa da nishaɗi ba. Masu sukar ne suka raba.

A cikin wannan tafiya ta Afirka, a Janairu 1961, ciwon shanyewar jiki ya kama Middleton a Saliyo. Aka kwantar da ita a asibiti, ƙungiyar ta wuce don cika alkawuran wasa, ta rasu a can ranar 10 ga Fabrairu tana da shekara 43. Barney Bigard, ɗaya daga cikin mabusan ƙungiyar, ya zargi Armstrong da manajansa Joe Glaser da rashin kai ta inda za a fi kula da ita. Wannan zargi ya fi na dariya nauyi, domin daga cikin gida ya fito.

Ya ci gaba da yawon duniya duk da ciwon zuciya da ya fara kama shi a Italiya a 1959. A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa Hello, Dolly! ta ture Beatles daga matsayi na ɗaya a kasuwar fayafayan Amurka. Ya rasu cikin barci a gidansa da ke unguwar Corona a Niyu Yok ranar 6 ga Yuli, 1971. Gidan ya zama gidan tarihi, kuma cikin kayan da ya bari akwai ɗaruruwan kasakasai da ya naɗa da kansa a ɗaki da masauki, inda ake jin sa yana hira da abokai, yana barkwanci, yana kuma zagin wulaƙancin da ya sha a hannun farar fata da kalmomin da bai taɓa kaiwa dandali ba.